Kwana 28 Na Farkon Ciki: Me Ke Sa A Haifi Jariri Ba Ƙoƙon Kai?

Watannin baya mun kai ziyara wani ajin mata na yaƙi da jahilci a wani ƙauye. Bayan an tashi daga darasi, wata dattijuwa ta tsaya a bakin zaure. Ta ce tana da tambaya, amma ba a gaban mutane ba.

Ta ce 'yarta ta haihu da damina, haihuwar fari. Ungozoma tana ɗaga jaririyar sai ta yi salati, ta rufe ta da zane. Fuska tana nan. Hannuwa da ƙafafu lafiya lau, yatsu cif-cif. Amma daga saman gira zuwa ƙeya babu ƙoƙon kai. Jaririyar ta yi numfashi daga hantsi zuwa la'asar, sannan ta koma. Kafin kwana bakwai magana ta cika gari. Wasu suka ce mai jego ta gamu da iska a hanyar rafi. Wasu suka ce sammu ne. Dangin miji kuwa suka ce abin daga gidan su yarinyar ya fito. Tun daga ranar tana zaune gaban iyayenta, ba saki, ba biko.

"Malam," in ji dattijuwar, "ku da kuke karanta littattafai, me 'yata ta yi?"

Na ce mata, "Inna, ba ta yi kome ba." Amma wannan amsa ta yi gajarta. Shi ya sa a wannan wata muka keɓe wannan shafi don a yi bayanin filla-filla. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman magidanta da iyayen amare.

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Kowane mutum yana da ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, yana da laka a cikin ƙashin baya. Laka ita ce farar igiyar nan da kuke gani a tsakiyar ƙashin bayan rago in an sara. Daga ƙwaƙwalwa take saukowa. Ita ke kai umarni ga hannu da ƙafa, ita ke riƙe fitsari da bayan gida. Ƙwaƙwalwa da laka abu ɗaya ne a haɗe, kuma tare ake fara gina su.

A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayi bai wuce ƙwayar gero ba. A gadon bayansa akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen abu kamar ganye. Sai gefe da gefen ganyen nan su ɗago, su lanƙwaso, su haɗu, su zama bututu. Haɗuwar tana farawa ne daga wajen tsakiya, ta nufi sama, ta nufi ƙasa, kamar mai ɗinkin buhu da ya fara daga tsakiya ya nufi baki biyu. Bakin sama shi zai zama ƙwaƙwalwa. Sauran kuma ya zama laka. Bayan bututun ya rufe ne ƙashi da fata suke zuwa su lulluɓe shi.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Wannan ɗinki yana ƙarewa ne a cikin kwana 28 daga shigar ciki. A lokacin ɗan tayi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Mace kuwa ba ta wuce mako biyu da ɓatan wata ba. Wata ma ba ta lura ba. Wata tana cewa ko jinkiri ne. In bututun ya rufe a kwanakin nan, ya rufe ke nan. In an bar wani wuri a buɗe, ba zai sake rufewa ba har haihuwa.

To, ku duba. Matar da aka ce ta gamu da iska a hanyar rafi tana da cikin wata bakwai, abin ya riga ya faru wata shida kafin ranar. Ba fitar rana tsaka ba ce, ba fitar almuru ba ce, ba kallon husufin wata ba ne, ba kuma wani abu ta gani ta tsorata ba.

Inda aka bar buɗewar shi ke nuna irin matsalar da jariri zai zo da ita. In bakin sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa ba za ta ginu ba, ƙoƙon kai ma ba zai rufe ba. Likitoci suna kiran wannan anensefali, wato rashin ƙwaƙwalwa. Shi ne ya sami jikar dattijuwar nan. In a ƙasa ne, sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen ciwo a gadon baya, galibi wajen ƙugu. Wannan sunansa sifaina bifida, wato tsagaggen ƙashin baya. Akwai kuma wanda ƙoƙon kai ya ginu amma aka bar kafa, sai wata jaka ta ɓullo a ƙeya ko a goshi tsakanin idanu, wani lokaci da ɓangaren ƙwaƙwalwa a cikinta. Duka ukun 'yan gida ɗaya ne. An kiyasta cewa a duniya ana haihuwar jarirai wajen 300,000 kowace shekara da ɗaya daga cikinsu. Ba a ƙauyenku kaɗai ba ne, ba kuma a ƙasar baƙar fata kaɗai ba.

JARIRIN DA BA SHI DA ƘOƘON KAI

Gaskiya ɗaci gare ta, amma gara a faɗa. Jaririn da ya zo da anensefali ba ya rayuwa. Da yawa a mace ake haihuwarsu. Waɗanda suka zo da rai, yawanci sa'o'i ne ko 'yan kwanaki. Babu asibitin da ke da maganinsa, ko a nan ko a Turai ko a Amurka. Saboda haka kada wani ya yaudare ku, ku sayar da akuya ko ku jinginar da gona a kan zai warkar da shi.

Me ya sa yake motsi a ciki, har ma ya yi numfashi bayan haihuwa? Saboda gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, sau da yawa yana nan. Shi ke kula da bugun zuciya da numfashi. Shi ya sa uwa take jin motsi kamar kowane ciki, ba ta zargin kome. An kuma lura cewa abin ya fi zuwa ga jarirai mata fiye da maza.

Akwai alamun da kan sa ma'aikatan lafiya su yi zargi. Jariri mai lafiya yana haɗiyar ruwan da yake kwance a ciki. Wannan kuwa sau da yawa ba ya iya haɗiya, sai ruwa ya taru, ciki ya yi girman da ya wuce watanninsa, har uwa ta riƙa haki. Wani lokaci kuma ciki ya wuce lokacinsa ba naƙuda. Amma alama ba tabbaci ba ce, don tagwaye ma suna sa ciki girma. Abin da ke nunawa sosai shi ne hoton ciki da ake yi a asibiti. Tun daga wajen wata uku hoto yana iya nuna rashin ƙoƙon kai. Tsagaggen baya kuwa ya fi fitowa a hoton wata biyar. In an gani da wuri, likita zai zauna da mata da miji ya yi musu bayani, a kuma shirya haihuwa a asibiti, domin cikin da ruwa ya yi masa yawa yana iya jawo zubar jini bayan haihuwa.

In kuma a gida aka haihu aka ga haka, ungozoma kada ki yi kururuwa, kada ki tara mutane. Ki naɗe jaririn a zane mai ɗumi, ki rufe masa kai da hula ko tsumma mai laushi. In uwar tana son ta gan shi ko ta riƙe shi, a bar ta. Ɗanta ne, wata tara ta ɗauke shi. In ba ta so, kada a tilasta mata. Ita kuma mai jego jegonta yana nan daram. Nono zai kawo, jiki zai yi tsami, ga kuma ciwon zuciya. Tana bukatar abinci da hutu da mai lallashi, kamar kowace matar da ta rasa ɗa.

ƘWAYAR DA TA FI ƘWAYAR GERO KAƊAN

Me ke hana ɗinkin nan kammala? Dalilai suna da yawa, amma babbansu shi ne ƙarancin wani sinadarin abinci a jikin uwa. Sunansa folik asid. Bitamin ne, ɗan gidan bitamin B. Jiki yana bukatarsa duk lokacin da yake ƙera sabon nama da sabon jini. Babu kuwa lokacin da ake ƙira da sauri kamar makonnin farko na ciki. Magini in ƙasa ta ƙare masa ana tsakiyar aiki, katanga ba za ta haɗu ba.

Gano wannan ya ɗauki shekaru. A 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills tana aiki a birnin Bombay na Indiya, wanda yau ake kira Mumbai. Ta ga matalautan mata masu ciki suna fama da wani irin ƙarancin jini mai kisa. Ta gano cewa akwai wani abu a cikin yis da ke warkar da su. A 1941 masana a Amurka suka tatso wannan sinadari daga ganyen alayyafon Turawa, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin da ke nufin ganye. A 1965 wasu likitoci biyu a Ingila, Elizabeth Hibbard da Richard Smithells, suka nuna alamar cewa rashinsa yana da alaƙa da nakasar jarirai.

Tabbacin ya zo a 1991. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta yi gwaji da mata 1,817 a ƙasashe bakwai. Dukansu sun taɓa ɗaukar cikin da ya zo da irin wannan matsala. Wasu aka ba su folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, wasu ba a ba su ba. A cikin waɗanda suka sha, maimaituwar matsalar ta ragu da kashi 72 cikin 100. Wato a cikin jarirai 10 da za su zo da ita, an kuɓutar da 7. Da sakamakon ya bayyana sai aka tsayar da gwajin, don bai dace a ci gaba da hana sauran matan ba. Shekara guda bayan haka, a 1992, wani bincike a ƙasar Hangari ya nuna cewa yana kare har matan da abin bai taɓa samu ba.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na ƙasar Sin. Daga 1993 zuwa 1995 an bi mata kusan 250,000, da yawansu manoman karkara. An riƙa ba su 'yar ƙwaya guda kullum tun daga lokacin da suka je gwajin lafiya kafin aure. A arewacin ƙasar, inda matsalar ta yi yawa, ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Ku lura da lokacin da aka fara ba su: kafin aure.

INDA GIZO KE SAƘA

Wata za ta ce, "Ai ni na sha. A wurin awo an ba ni jan magani da 'yar ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa." Gaskiya ne. Jan na ƙarin jini ne, 'yar rawayar nan kuma ita ce folik asid. A wasu wurare ana haɗa su a ƙwaya ɗaya. Amma yaushe kika fara zuwa awo?

Mu faɗa wa juna gaskiya. A karkara mace ba ta zuwa awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Mai cikin fari kuwa kunya ba ta barinta ta faɗa wa ko uwarta. Sai an ga tana kwaɗayi ko tana amai a gane. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma ƙwayar da aka fara sha a wata biyar ta makara da wata huɗu ga ɗinkin da muke magana. Tana da amfani ga jinin uwa da girman jariri, a ci gaba da sha. Sai dai ba za ta rufe abin da aka bari a buɗe ba. Taki ne aka kai gona bayan an yi girbi.

Ko wadda ta garzaya asibiti ranar da ta tabbatar ta yi ɓatan wata, tana kan gaɓa. Sinadarin yana bukatar makonni kafin ya taru a jini yadda zai wadatar. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara sha tun lokacin da take sa ran ɗaukar ciki, ta ci gaba har ciki ya cika mako 12. Likitoci suna cewa a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku kuwa ya fi.

To, a wurinmu wace matar aure ce ta san watan da za ta yi ciki? Ciki kyauta ce, ba ya sallama. Don haka hanya mai sauƙi ita ce wannan: duk matar da ke ɗakin miji kuma tana iya ɗaukar ciki, ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum. Mai goyo ma haka, tun da akwai masu yin ciki kafin yaye. Amarya kuma ta fara tun ranar da aka sa rana.

A nan zan ɗan tsaya a kan iyayen amare. Ana wata guda ana gyaran amarya. Ga dilka, ga lalle, ga turare, ga kaji. A lefe akwai atamfa da takalma da man shafawa har kala uku. Duk don a kai ta ɗaki da kyau, kuma kowa fatansa baɗi war haka a zo suna. Amma abin da zai taimaki wanda za a raɗa wa sunan ba ya cikin akwati. Folik asid yana cikin magunguna mafi araha a kemis, a ɗakin shan magani na gwamnati ma sau da yawa kyauta ake bayarwa. Ango, kai ma wannan naka ne. Yarinya ba za ta iya buɗe baki ta ce ka sayo mata ba.

Awon da ake bukata kaɗan ne. Ga yawancin mata, mikirogiram 400 a rana, wanda a jikin kwali ake rubutawa 400mcg ko 0.4mg. Amma matar da ta taɓa haihuwar jariri mai irin wannan matsala, ko aka gani a hoto cikin ya zube, tata ta fi ƙarfi: miligiram 5 a rana, wato 5mg, bisa umarnin likita. Ta fara wata uku kafin sabon ciki, ta ci gaba har cikin ya yi wata uku. Bayan nan ta koma kan ƙaramin awo. Wannan yana da muhimmanci, domin daga wata na huɗu ake fara ba masu ciki Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma babban awon folik asid yana rage masa ƙarfi. Ki nuna wa malamar awo kwalin da kike sha ta gani. In za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Akwai jita-jitar da muke ji, gara mu amsa. Folik asid ba maganin hana haihuwa ba ne. Ba ya sa jariri ya yi ƙaton da zai gagari haihuwa. Bitamin ne irin wanda ke cikin miyar da kuke ci. Ba kuma za mu ce yana kare kowane ciki ba. Ko an sha a kan kari akwai 'yan kaɗan da abin zai samu. Amma ragin bakwai cikin goma ba abin wasa ba ne.

ABINCI FA?

Sinadarin yana cikin abincinmu. Wake yana da shi da yawa, haka gyaɗa. Akwai shi a alayyafo da zogale da ganyen wake da kuɓewa da latas da kabeji, da ƙwai, da lemon zaƙi da gwanda. Matsalar ita ce ba ya jure wuta, kuma yana narkewa a ruwa. In aka tafasa ganye ya yi ligif, aka tsiyaye ruwan aka zubar, rabon kaji da ƙasa ya fi na mai ciki. A rage daɗewar ganye a wuta, a sa shi a miya daga ƙarshe, a sha romon. Da rani kuma, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya, a yawaita wake. Duk da haka abinci kaɗai da wuya ya kai awon da ake bukata don wannan kariya. A haɗa biyun.

Wasu ƙasashe sun bi wata dabara. Sun sa doka cewa kamfanonin niƙa su zuba folik asid a cikin gari, don kowace mace ta ci ko ta sani ko ba ta sani ba. Amurka da Kanada sun fara a 1998. Afirka ta Kudu ta fara a 2003 da garin masara da fulawa, matsalar ta ragu da wajen kashi 30 cikin 100. A Nijeriya ma ana sa manyan kamfanoni su ƙara shi a fulawa. Amma mu a ƙauye tuwonmu daga rumbu yake fitowa. Gero da dawa da masara ne, a surfa a kai injin gari. Mai inji ba ya zuba kome. Saboda haka wannan dabara ta fi amfanar mai cin burodi a birni, matar karkara kuwa sai ta nemi ƙwayar da kanta.

Tun da an zo kan rumbu, ga wani abu ga manoma. A watan Afrilu na 1991, a garin Brownsville na jihar Tekzas a Amurka, kan iyaka da Meziko, an haifi jarirai uku masu anensefali a asibiti ɗaya cikin sa'a 36. Mutanen yankin masara ce abincinsu. Masu bincike sun zargi wata guba da fumfuna ke haifarwa a masara, wadda ke hana jiki amfani da folik asid. Ko ba don wannan ba, hatsin da ya yi fumfuna cuta ne. A busar da masara sosai kafin a zuba a rumbu, a tsince ruɓaɓɓiya, kada a ce asara ce a niƙa wa iyali.

WAƊANDA SUKA FI BUKATAR GANIN LIKITA

Matar da ke shan maganin farfaɗiya ta ga likita kafin ciki. Wasu daga cikin magungunan, musamman mai suna balfurowet, suna ƙara haɗarin wannan matsala. Amma kada ta daina sha da kanta, don faɗuwa da ciki haɗari ne ga rai biyu. Likita ne zai canza mata. Mai ciwon suga ita ma ta daidaita sugarta kafin ciki. Ƙiba mai yawa tana ƙara haɗari. Haka zazzaɓi mai zafi a makonnin farko, don haka matar aure in jiki ya yi zafi kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a je a auna jini.

Gado ma yana da ɗan hannu. In abin ya taɓa faruwa a dangi na kusa, a faɗa wa likita. Amma dangin miji su ji da kyau: gado daga uwa da uba yake zuwa, rabi da rabi. Babu wanda zai iya nuna gida ɗaya ya ce daga nan ne. Maigidan da ya saki matarsa a kan wannan ya ƙara aure, bai tsere wa kome ba in sabuwar ma ba ta sami sinadarin ba. Matar da abin ya sama sau ɗaya kuwa, haɗarin maimaituwa wajen 3 ne cikin 100. Wato a mata 100, wajen 97 cikinsu na gaba zai zo ba wannan matsala, ko ba su sha kome ba. In sun sha babban awon nan, ukun ma sai ya koma kusan ɗaya.

IN JARIRI YA ZO DA CIWO A BAYA

Wannan ya bambanta da na farko. Jariri mai tsagaggen baya yana iya rayuwa, ya girma, ya yi makaranta, ya yi sana'a. Da yawansu hankalinsu garau yake. Abin da ke yanke hukunci shi ne kwana biyu ko uku na farko.

Ƙullutun nan ba maruru ba ne. Laka ce da jijiyoyi a waje, wata siririyar fata ta rufe su, wani lokaci ma ruwa na tsatsafowa. Kada a kira wanzami. Kada a huda, kada a matsa, kada a ɗaure da zare. Kada a sa toka ko man shanu ko garin magani. Kada a gasa da ruwan zafi wurin wanka. Ƙwayar cuta in ta shiga ta nan, kai-tsaye take wucewa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora a hankali. A kwantar da jariri rub-da-ciki ko a gefe, a kiyaye kashi kada ya taɓa wurin. A rufe shi da ɗumi, a ba shi nono. Sannan a kama hanyar asibiti a ranar, ba sai bayan suna ba. Jakar ƙeya ko ta goshi ma haka za a yi mata.

Ƙaramin asibiti zai ba ku takarda zuwa inda ake aikin ƙwaƙwalwa da laka, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Aikin shi ne a mayar da lakar ciki a rufe fata. Ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu, amma yana tsare rai, yana tsare abin da ya saura. In ciwon yana can ƙasa, yaro yana iya tafiya. In yana sama, ƙila sai da sanda ko keke.

Bayan aiki a sa ido a kan kai. Yawancin irin waɗannan yara ruwa yana taruwa musu a ƙwaƙwalwa. Alamarsa kai ya riƙa girma da sauri, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa, ga amai da yawan kuka. Yana da magani. Ana sa siririn bututu a ƙarƙashin fata ya riƙa kai ruwan cikin ciki, ko a buɗe masa hanya a cikin kan. In ƙafa ta zo a murɗe, ana miƙar da ita da filasta tun yaro yana jariri. Fitsari kuma, ma'aikatan asibiti za su koya wa uwa yadda za ta riƙa fitar da shi da 'yar roba mai tsabta, don kada ƙoda ta lalace. Wani abu da iyaye kan manta: ƙafar da ba ta ji ba ta san wuta ba. Yaro yana iya taka garwashi ko ya zauna a rairayi mai zafi bai sani ba. A riƙa duba ƙafafunsa da mazaunansa kowace yamma, a sa masa takalmi.

Duk wannan na yi wa dattijuwar nan bayaninsa a bakin zaure, gwargwadon yadda lokaci ya bari. Na ce ta kai 'yarta asibiti ta faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, a rubuta mata babban awon tun kafin ta koma ɗaki. Na ce kuma a nemi mijin ya raka su ya ji da kunnensa daga bakin likita, in ya ƙi a haɗa shi da mai unguwa ko liman. Na ciro takarda zan rubuta mata sunan maganin, sai ta ce in bari, ai abin da ya kawo ta aji ke nan. Ta buɗe littafinta na darasi, ta gyara riƙon fensir. Na riƙa faɗa mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa yadda yake a jikin kwali: FOLIC ACID 5mg.